Horar da Ma'aikatan Lafiya a Matakin Farko: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi zuwa mini daga shugabannin ƙananan asibitoci, da ma'aikatan jinya, da ungozomomi, da kuma masu ba da kuɗin horo da ke son sanin inda kuɗinsu ya shiga. Wasu na amsa su a taƙaice. Wasu kuwa na daɗe a kansu, domin a nan na ga ana yawan yin tuntuɓe.

Me ake nufi da kiwon lafiya a matakin farko?

Ƙofar farko ce da mara lafiya ke ƙwanƙwasawa: ƙaramin asibitin da ake awon ciki, ake rigakafin yara, ake gwada zazzaɓi da hawan jini, ake wanke ciwo, ake kuma gane wanda ciwonsa ya fi ƙarfin wurin a tura shi gaba. Kalmar ta samu gindin zama ne a watan Satumba na 1978, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tara ƙasashe 134 a birnin Alma-Ata na Kazakhstan, aka yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. Ba a cika alkawarin ba, shi ya sa aka sake sabunta shi a birnin Astana a 2018. Hukumar na cewa kusan kashi 90 cikin 100 na muhimman ayyukan lafiya da ɗan Adam ke buƙata ana iya yin su a wannan mataki, ba sai an je babban asibiti ba.

Ai sun yi makaranta sun fito da takardar shaida. Me ya kawo maganar sake horar da su?

Dalili biyu ne. Na farko, ilimin kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya gama makaranta kafin 2010 an koya masa a wurare da yawa cewa yaro mai zazzaɓi a yankin da ake fama da sauro a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro kawai. A shekarar ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwada jini tukuna. Idan ba wanda ya zauna da wannan ma'aikaci ya nuna masa sabon tsarin da dalilinsa, to abin da ya sani zai ci gaba da yi, da zuciya ɗaya kuwa.

Na biyu, hannu yana mantuwa. Ungozomar da ke karɓar haihuwa goma a wata tana iya yin watanni ba ta gamu da jaririn da ya fito bai yi kuka ba. Ranar da ta gamu da shi, minti ɗaya take da shi ta fara hura masa iska. Abin da ta karanta shekara shida da suka wuce yana nan a kanta, amma yatsunta sun manta yadda ake ɗora robar a fuskar jariri iska ba ta zurare ba.

Ba ƙarancin ma'aikata ne babbar matsalar ba? Me ya sa ba za a ɗauki sababbi ba maimakon horar da tsofaffi?

Ƙarancin gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen giɓin ma'aikatan lafiya fiye da miliyan 10 nan da 2030, mafi yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Amma akwai wani lissafi da ba a cika ambata ba. A 2018 wani kwamitin masana da mujallar Lancet Global Health ta kafa, ƙarƙashin jagorancin Margaret Kruk, ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita mutum miliyan 8.6 ke mutuwa a shekara da cututtukan da ake iya magancewa. Miliyan 3.6 daga cikinsu ba su je asibiti ba. Sauran miliyan 5 sun je, an duba su, amma kulawar da suka samu ba ta da inganci. Wato waɗanda suka iso ƙofa aka kasa cetonsu sun fi waɗanda ba su iso ba yawa. Ɗaukar sababbin ma'aikata wajibi ne, sai dai ba ya ɗauke wa kowa nauyin gyara hannun waɗanda ke kan aiki yau.

Mun sha tura ma'aikatanmu bita, suna dawowa da jaka da takardar shaida, amma aiki bai canza ba. Ina matsalar take?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, don na daɗe ina cikin masu shirya irin wannan bita.

Ga yadda aka saba. A kira mutum arba'in zuwa babban ɗakin taro na kwana biyar. Mai koyarwa ya tsaya gaban allo yana haska shafi bayan shafi. A yi jarrabawar shiga, a yi ta fita, maki ya hau, a yi hoto, a rubuta rahoto cewa an horar da mutum arba'in. Ranar Litinin kowa ya koma wurin aikinsa ya tarar da layin marasa lafiya har bakin ƙofa, ma'aunin da aka koya masa aiki da shi babu shi, abokan aikinsa ba wanda ya ji abin da ya ji, shugabansa ma bai san abin da aka koyar ba. Sati biyu ya isa tsohuwar ɗabi'a ta dawo mazauninta.

Akwai ranar da ba na mantawa. Na ziyarci wani ƙaramin asibiti wata uku bayan bitar kula da yara marasa lafiya da ni kaina na koyar a cikinta. Ma'aikaciyar da ta fi kowa maki ita na tarar a ɗakin duba yara. Wata uwa ta shigo da ɗanta mai wata takwas yana tari. Ma'aikaciyar ta tambayi uwar kwana nawa, ta taɓa goshinsa, ta rubuta magani, duka bai kai minti biyu ba. Ba ta ɗaga rigarsa ba, ba ta ƙirga numfashinsa ba. Da aka tashi na tambaye ta adadin numfashin da ke nuna ciwon huhu ga yaro mai wannan shekaru, nan take ta ce 50 a minti. Ta sani sarai. Na ɗaga kai na duba ɗakin: babu agogo a bango, kuma mutum talatin ne ke jiranta a waje. Littafin da muka ba ta yana cikin durowa, ledarsa ma ba a ɓare ba. Laifin nawa ne kafin ya zama nata, domin na koya mata a ɗakin da ba shi da layi, na sallame ta, ban sake waiwayarta ba sai bayan wata uku.

Bincike ya gaskata abin da idona ya gani. A 2018 Alexander Rowe da abokan aikinsa sun fitar da nazarin ɗaruruwan bincike kan hanyoyin gyara aikin ma'aikatan lafiya a ƙasashe masu tasowa. Raba littattafai da takardun jagora kaɗai bai canza kusan komai ba. Horo shi kaɗai ya ɗaga yin aiki daidai da kimanin maki 10 cikin 100. Da aka haɗa horo da bibiyar ma'aikaci a wurin aikinsa, sai ya kai kimanin 18. Inda kuwa ma'aikata suka riƙa zama a rukuni suna warware matsalolin asibitinsu da kansu, sakamakon ya fi haka, ko da yake binciken da aka yi a kan wannan bai kai na sauran yawa ba.

To wane irin horo ne yake kama jiki?

Gajere, a wurin aiki, da hannu, kuma a yi ta maimaitawa.

Misalin da na fi so ya fito ne daga wani asibitin karkara a Haydom, arewacin Tanzaniya. An koya wa ungozomomi farfaɗo da jarirai a kwas na kwana ɗaya. Da aka gwada su bayan watanni a kan 'yar tsana ta koyarwa, sun iya. Amma da aka lura da abin da ke faruwa a ɗakin haihuwa, aikinsu bai gyaru ba. Sai aka canza salo: aka ajiye 'yar tsanar a ɗakin haihuwar, kowace ungozoma ta riƙa gwadawa na 'yan mintoci a kai a kai, wata 'yar'uwarta na kallo tana gyara mata. Mutuwar jarirai a awa 24 na farko ta sauka daga kimanin 11 zuwa kimanin 7 cikin kowace haihuwa 1,000. Darasin bai canza ba, ma'aikatan ma su ne dai. Abin da ya canza shi ne inda ake gwajin da kuma yawansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A Afirka ta Kudu ma, masana a Jami'ar Cape Town sun tsara jagorar da ake kira PACK, wadda ke farawa daga abin da mara lafiya ya zo yana kuka da shi, kamar tari ko ciwon kai, ta bi da ma'aikaci mataki-mataki. Ba a kwashe ma'aikata zuwa wani gari don koyon ta. Mai horarwa ne ke zuwa asibitin, a zauna awa ɗaya zuwa biyu, a ɗauki labarin mara lafiya guda a bi shi cikin littafin, bayan mako ɗaya ko biyu a sake zama. Amfanin wannan shi ne duk ma'aikatan wurin suna ji tare, kuma abin da aka koya da safe ana iya aiki da shi da rana.

Da me ya kamata a fara?

Da abin da ya fi kawo mutane, da kuma abin da ya fi saurin kashe su. Ku buɗe rajistar asibitinku ta wata uku, za ta gaya muku.

Kusan ko'ina za ku tarar da yara a sahun gaba. Tun tsakiyar shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin duba yaro gaba ɗayansa maimakon bin cuta ɗaya-ɗaya. Kowane ma'aikaci ya haddace alamomin haɗari: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Ya kuma iya ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya yayin da yaron ke kwance lafiya ba ya kuka: 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa goma sha ɗaya, 40 daga shekara ɗaya zuwa ƙasa da biyar. Ya iya ɗaura tef ɗin awon damtse, ya san cewa ƙasa da santimita 11.5 ga yaro mai wata shida zuwa shekara biyar tamowa ce mai tsanani. Gudawa kuma ruwan gishiri da sukari ne da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, ba maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, sai in akwai jini a bayan gidan ko wani dalili na daban.

Sai awon hawan jini, wanda kowa ke ganin ya iya. Ku tsaya ku kalli yadda ake yinsa. Mutum ya shigo yana haki daga tafiya, a naɗa masa robar a kan hannun riga, hannun na reto, ana yi masa tambayoyi yana amsawa. Daidai shi ne ya zauna ya huta minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, damtsensa tsirara a kan tebur daidai da ƙirjinsa, bakinsa a rufe. Robar da ta yi wa damtse kaɗan tana ba da lamba sama da gaskiya. Kuma ba a yanke wa mutum hukuncin hawan jini da awo ɗaya, sai an ga 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu daban-daban. Ga mai juna biyu kuwa wannan lamba ba ta jira, musamman idan ta zo da ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi. Koyar da wannan duka ba ya cin awa ɗaya, amma yana raba wani da shan maganin da ba ya buƙata, ya kuma ceci wata daga jijjigar ciki.

Mai gadi da mai shara da mai ba da kati fa, su ma sai an horar da su?

Ƙwarai kuwa. Mai ba da kati shi ne idon farko da ke ganin yaron da ya sanƙare a kafaɗar uwarsa. Idan bai san wannan alamar haɗari ba ce, zai ba ta lamba ta 27 ta zauna a layi. Mai shara ita ke ɗaukar kwalin allurar da aka yi amfani da ita, ita ke haɗa ruwan kashe ƙwayoyin cuta, kuma sau da yawa ita ce ba a taɓa kira wani zama ba. Wanda ke kula da firijin rigakafi ya san zafinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8, ya duba safe da yamma ya rubuta, ya kuma san cewa daskarewa na lalata wasu alluran kamar yadda zafi ke lalata wasu.

Ana cewa sa ido. Mu dai abin da muka sani shi ne a zo a duba rajista a yi mana faɗa a tafi.

Wannan kamun laifi ne, kuma abin da yake koya wa ma'aikaci shi ne ɓoye kuskure da gyara rajista kafin baƙi su iso. Bibiya mai amfani dabam take. Mai bibiyar ya nemi izinin mara lafiya, ya zauna a gefe ya kalli yadda aka duba mutum uku ko huɗu, bai ce uffan ba sai in rai na cikin haɗari. Bayan an fita, su biyu kaɗai, ya fara tambayar ma'aikacin yadda shi ya ga aikin nasa. Ya faɗi abin da aka yi daidai, da sunansa, ba yabon baki ba. Sannan ya ɗauki abu ɗaya ko biyu da za a gyara, ya nuna da hannunsa, su yi alkawarin ranar dawowa. Kada a taɓa gyara wa ma'aikaci a gaban mara lafiya ko na ƙasa da shi. Wanda aka kunyata sau ɗaya ba zai sake cewa "ban gane ba".

Mai bibiya kuma yana da nasa alkawarin. Idan an ce masa babu agogo ko ma'aunin ya lalace, zuwansa na gaba ya zo da amsa.

Iya magana da mara lafiya hali ne ko abin koyo?

Abin koyo ne, kamar ɗaura ruwa. Wani nazari da aka buga a 2017 ya kwatanta tsawon ganawar likita da mara lafiya a matakin farko a ƙasashe 67, ya samu daga daƙiƙa 48 a Bangladesh zuwa minti 22 da rabi a Suwidin. Mafi yawan ma'aikata sun fi kusa da na farkon, don haka kowace daƙiƙa tana da daraja. Abu uku nake koyarwa. A bar mutum ya gama faɗin abin da ya kawo shi kafin a katse shi. A yi masa bayani da kalmomin da yake amfani da su a gida. A ƙarshe kada a tambaye shi "ka gane?", domin kowa zai ce e don kunya. A ce masa, "In kin koma gida, yaya za ki ba shi maganin nan? Faɗa mini in ji ko na yi bayani daidai." A nan ne za a gano cewa uwar ta ɗauka ƙwaya uku za ta ba shi a lokaci ɗaya, ba ɗaya sau uku ba. Ana koyon wannan ne ta hanyar kwaikwayo, ma'aikaci ɗaya ya zama mara lafiya, ɗaya ya duba shi, sauran su saurara.

Ma'aikatan lafiya na cikin al'umma, wata nawa ya kamata a horar da su?

Ya danganta da abin da za a ɗora musu. Habasha ta fara shirinta a 2003, tana ɗaukar mata da suka gama aji goma ta horar da su shekara ɗaya, ta tura biyu-biyu zuwa ƙananan cibiyoyin ƙauyuka, kuma tana biyansu albashi. Pakistan ta fara nata a 1994 da horon wata 15, uku a aji, sha biyu a bakin aiki. Iran na horar da nata shekara biyu. Brazil kuwa tun 1994 ta saka su cikin tawaga ɗaya da likita da ma'aikaciyar jinya, kowace tawaga da gidajen da ke wuyanta. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 ba ta yanke adadin watanni ba, amma ta ce a tantance ƙwarewarsu, a riƙa bibiyarsu, a kuma biya su gwargwadon aikinsu. Ni a ganina wannan na ƙarshen ne aka fi take wa. Ba adalci ba ne a ɗora wa mace lafiyar gidaje ɗari a kira ta 'yar sa-kai.

Ba kasada ba ce a ba ma'aikacin jinya aikin da aka san likita da shi?

Kasada ce idan an miƙa masa aikin an juya baya. Idan da horo, da rubutacciyar jagora, da wanda zai kira in abu ya shige masa duhu, da dokar da ta ba shi izini, an ga yana yi da kyau. Daga 2010 Afirka ta Kudu ta ba ma'aikatan jinya damar ɗora masu cutar ƙanjamau a kan magani da kansu, kuma da wannan ne maganin ya isa ƙananan asibitocin da likita ba ya zama. Haka shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka fara a 2008, yake koya wa ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba gane ciwon damuwa da farfaɗiya da kula da su. Rabin irin wannan horo shi ne sanin iyaka: wane ne nawa, wane ne zan tura gaba yanzu-yanzu.

Horo ta waya ko intanet yana maye gurbin zuwa aji?

Yana isar da sani, ba ya koyar da hannu. Ba wanda ya taɓa iya saka allurar ruwa a jijiyar jariri daga kallon bidiyo. Inda ya fi amfani shi ne tattauna marasa lafiya na gaske. A 2003 Dakta Sanjeev Arora na Jami'ar New Mexico a Amurka ya fara shirin ECHO, inda ma'aikatan karkara ke haɗuwa da ƙwararru ta bidiyo kowane mako, kowa ya kawo labarin wanda yake dubawa ba tare da sunansa ba, a yi shawara kowa na ji. Da ciwon hanta nau'in C aka fara, kuma binciken da aka buga a 2011 ya nuna waɗanda aka yi wa magani a karkara sun warke daidai da na asibitin jami'ar. Ku lura, nan ma ba lacca ba ce, zama ne da ake maimaitawa a kan aikin da ke hannun mutum.

Idan an yi horo mai kyau, shi ke nan an gama?

A'a, kuma duk mai horarwa na gaskiya ya kamata ya faɗi haka da bakinsa. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya an yi wani babban gwaji a asibitoci 120, aka bi haihuwa kusan 160,000. Rabin asibitocin an tura musu masu koyarwa na tsawon wata takwas don su riƙa bin jerin matakan haihuwa lafiya na Hukumar Lafiya ta Duniya. Aikin ma'aikata ya gyaru a zahiri: suna cika kusan kashi 73 cikin 100 na matakan, sauran asibitocin kuwa 42. Amma da sakamakon ya fito a 2017, mutuwar uwaye da jarirai ba ta ragu ba. Gyaran bai kai zurfin da zai ceci wadda jini ya ɓalle mata ba, idan babu jinin ƙari, babu motar da za ta kai ta gaba, ko wurin da aka kai ta bai shirya ba.

Saboda haka kafin ku kira bita, ku tambayi kanku: ba su sani ba ne, ko ba su iya ba ne, ko kuwa ba su da abin yi da shi? Ma'aikacin da ba ya wanke hannu domin famfo ya ƙafe ba darasin wanke hannu yake buƙata ba. Tura shi bita barin jaki ne a daki taiki.

Yaya za mu gane ko horon ya yi amfani?

Ba da yawan waɗanda suka sa hannu a takardar halarta ba, ba kuma da makin jarrabawar ranar rufewa ba. Ku zaɓi abu biyu ko uku da ake iya ƙirgawa, ku ƙirga kafin horo, ku sake bayan wata uku da wata shida. Cikin katunan yara 20 masu tari, nawa aka rubuta adadin numfashinsu? Cikin masu awon ciki 20, nawa aka auna jininsu? Cikin masu mura, nawa aka ba maganin kashe ƙwayoyin cuta ba dalili? A rubuta lambobin a babbar takarda a manna a ɗakin ma'aikata, su da kansu su riƙa cikawa. Sai dai kati yana iya yin ƙarya, don haka lokaci-lokaci a zauna a gani da ido.

Maganar alawus fa? Wasu ba sa zuwa sai da shi.

Wanda aka taso daga wurin aikinsa haƙƙinsa ne a biya masa kuɗin mota da masauki. Ɓarnar tana farawa ne idan alawus ya zama shi ne dalilin zuwa. A nan za ka ga mutum ɗaya ya halarci bita shida a shekara, har da ta aikin da ba ya yi, ita kuwa wadda ke kwana a ɗakin haihuwa ba ta taɓa zuwa ko ɗaya ba. Ba na ɗora wa ƙaramin ma'aikaci laifi, mai albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata. Maganin abin shi ne a ajiye rajistar wanda ya je me, a tura mai yin aikin, sannan a mayar da yawancin horo cikin asibiti a lokacin aiki, inda ba abin da za a yi rububi a kai.

Muna horar da su sai su samu wuri mafi kyau su tafi. Ba asara muke yi ba?

Wasu za su tafi, da horo ko babu. Abin da ke rage zafin shi ne kada ilimi ya taru a kan mutum ɗaya: a horar da tawaga, a rubuta yadda ake kowane aiki a ajiye inda ake yinsa, kuma duk sabon ma'aikaci a haɗa shi da tsoho na makonnin farko. Na kuma lura mutane sun fi daɗewa a inda suke jin ana ƙara musu sani kuma ana ganin ƙoƙarinsu.

Ni ce shugabar wani ƙaramin asibiti, ma'aikatana shida, ba ni da kasafin horo ko kaɗan. Ta ina zan fara?

Ranki ya daɗe, ki fara da rabin awa a mako. Ki zaɓi rana da lokacin da layi ya fi sauƙi, ki tsayar da shi kada ya riƙa motsi, kowa ya zo har mai kati da mai shara. Makon farko ki ɗauko katunan yara 20 na watan jiya ku ƙirga tare nawa aka rubuta numfashinsu, ba tare da kiran sunan wanda ya duba ba. Mako na biyu ki rataya agogo mai hannun daƙiƙa a ɗakin duba yara, ku roƙi wata uwa ta ba ku aron ɗanta na minti biyar, kowa ya ƙirga a ransa ya rubuta a takarda, sannan a buɗe a kwatanta. Za ki ga lambobin sun bambanta, kuma wannan bambancin shi ne darasin ranar. Mako na uku ku auna wa juna hawan jini. Na huɗu ku yi gwajin gaggawa: ki shigo da 'yar tsana a hannu ki ce ga yaro yana jijjiga, ki duba agogo ki ga minti nawa za a ɗauka kafin a nemo maganin, da wanda makullin kabad ɗin ke hannunsa.

Daga wata na biyu ki bar koyarwar ta riƙa zagayawa, kowa da makonsa, ke ma ki zauna a gyara miki. Idan wata uku ya cika, ki sake ɗauko wasu katunan 20 ku ƙirga.